Gidan kallon Fagge da ke nuna damben boksin daga farko har ƙarshe

Gidajen kallo a Kano na ƙwallo ne. Duk allon da ka gani a bakin ƙofa an rubuta da alli, Arsenal ce da Chelsea, ko Madrid da Barcelona. Mai son damben boksin sai dai ya haƙura da guntayen bidiyo a waya, na minti ɗaya, an yanko wurin da mutum ya faɗi an zubar da sauran. Shi ya sa nake son masu sha'awar wannan wasa su san da wani gida a cikin lungun Fagge, ba nisa da Kantin Kwari inda nake sayar da yadi. Mai gidan ya ware wa dambe daren Alhamis, kuma mafi yawan ranakun da ake babban wasa kai tsaye yana buɗewa.

Wurin rumfar kwano ce mai tsawo, an jera benci, an shafe bangon gaba da farin fenti ana haska majigi a kai. Akwai talabijin guda a gefe saboda waɗanda ke baya. Hoton majigin yana fita tas da daddare, har zufar da ke tashi daga kan mutum idan naushi ya same shi kana gani. Abin da ya fi burge ni shi ne wuta. Ya haɗa sola da batura, ga janareto a ajiye, don haka in an ɗauke wuta hoton ba ya ko ƙiftawa. Wanda ya taɓa kallon dambe ya san muhimmancin wannan. A ƙwallo za ka iya rasa minti biyar ka dawo ka tarar ba abin da ya canza. A dambe daƙiƙa goma ta isa a gama komai. Kuɗin shiga naira 300 ne ranar Alhamis, ranar wasa kai tsaye kuwa naira 500, kuma ban ga ya yi tsada ba.

Akwai abin kushewa. Fanka biyu ce kacal, a watan Maris da Afrilu kwanon nan yana riƙe zafin rana har tsakar dare, mutum ya fito rigarsa sharkaf. Bencin ba su da majingina, ga turmi 12 ba ƙaramin zama ba ne. Lasifikar kuma yaron da ke kula da ita yana ƙure ta har muryar masu sharhi ta riƙa karcewa, alhali rabin ɗakin ba sharhin Turanci ya kawo su ba. An hana shan taba a ciki, wannan ya yi kyau, amma masu sha suna tsayawa daidai bakin ƙofa, hayaƙin ya dawo wa na bencin baya.

Maganar lokaci kuma ba laifin mai gida ba ce, amma gara mutum ya sani. Tun da Saudiyya ta fara ɗaukar manyan wasanni muka samu sauƙi, domin Riyad awa biyu ta riga mu, babban wasan yakan faɗo wajen sha ɗaya zuwa sha biyun dare. Na Landan ma wajen goma ne. Matsalar ita ce Las Vegas, inda ake shiga fili wajen ƙarfe biyar na asubahin Kano, daidai lokacin da ladan ke kira. Irin waɗannan mai gidan ba ya buɗewa. Yana naɗa ya nuna bayan isha'i, ya kuma roƙi duk wanda ya riga ya ga sakamako a Facebook da ya yi shiru. Na yaba masa wannan. In kuma daga nesa za ka zo, kamar Hotoro ko Rijiyar Zaki, ka tanadi abin hawanka, adaidaita sahu tana wahalar samu idan dare ya yi.

Daren Alhamis shi ne ainihin dalilin da ya sa nake zuwa. Mai gidan ya tara tsofaffin wasanni a kwamfutarsa, kuma yana da doka guda: duk wanda ya kafe cewa gwaninsa ya fi kowa, to a mako mai zuwa za a saka wasan gwanin nan, amma abokin musunsa ne zai zaɓi wanne, kuma daga turmin farko har na ƙarshe za a kalla, ba tsallake. Wannan dokar ta gyara musun wurin ƙwarai. A teburin mai shayi wanda ya fi ɗaga murya ne ke da gaskiya. A nan sai an gani da ido.

Muhammad Ali an cire shi daga musun, da yardar kowa. Wani dattijo, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa da ke zama a bencin gaba, shi ya kawo shawarar. Ya ce mutumin da ya kayar da Sonny Liston a 1964, aka ƙwace masa kambu a 1967 saboda ya ƙi zuwa yaƙin Biyetnam, ya yi fiye da shekara uku ba a bar shi ya shiga fili ba, ya dawo ya kwantar da George Foreman a turmi na takwas a Kinshasa a 1974, ba a sa shi a layi ɗaya da kowa. Don haka tambayar gidan ita ce: bayan Ali, wa ya fi?

Samari Mike Tyson suke cewa, kusan dukkansu. Hujjarsu tana da ƙarfi a ido: yana da shekara 20 ya ci kambun ajin masu nauyi a 1986, ba wanda ya taɓa yin haka da ƙarancin shekarunsa, kuma a 1988 ya gama da Michael Spinks cikin daƙiƙa 91. Wani matashi mai gyaran waya ya ce wa dattijon nan, “Baba, ai Tyson tun kafin a kaɗa ƙararrawa mutum ya riga ya mutu a tsaye.” Dattijon ya ce, “Haka ne yarona. To a sa mana na Tokyo.” Aka saka wasansa da Buster Douglas na 1990. Yawancin samarin faɗuwar Tyson a turmi na goma kawai suka sani, suna cewa tsautsayi ne, ko kuma alƙalin wasa ya yi jinkirin ƙirge lokacin da Douglas ya faɗi a turmi na takwas. Da suka kalla gaba ɗaya sai suka ga tun daga farko Douglas ke tare shi da hannun hagu, yana hana shi shigowa, har idon Tyson ya kumbura. Ba tsautsayi ba ne, an fi shi ne a daren. Ni ra'ayina a kan Tyson shi ne ba a taɓa yin mai ban tsoro kamarsa ba, amma manyan sa'o'insa biyu duk sun doke shi: Evander Holyfield a 1996, sannan wasan da ya ciji kunnen Holyfield ɗin a 1997, sai Lennox Lewis a 2002. Larry Holmes da ya buge a 1988 yana da shekara 38 a lokacin.

'Yan Floyd Mayweather su ne masu lissafi, yawancinsu 'yan kasuwa irina. Wasa 50, nasara 50, kambu a aji biyar, ya doke Oscar De La Hoya a 2007, Canelo Alvarez a 2013, Manny Pacquiao a 2015. Suna cewa wanda ba a taɓa kayarwa ba me za a ce masa? Gwaninta kam akwai ta. Idan ka zuba wa kafaɗarsa ta hagu ido za ka ga yadda naushi ke zamewa a kanta, shi kuma ya mayar da na dama kafin ka ankara. Sai dai ranar da aka saka wasansa na farko da Jose Luis Castillo na 2002, mai gida ya raba mana takarda kowa ya ba da makinsa turmi-turmi, kuma da aka tattara mafi yawan ɗakin Castillo suka ba. Abin da ya fi damuna da shi kuwa, ya san lokacin da zai karɓi kowane abokin karawa. Wasan Pacquiao shekara biyar duniya tana jira, sai da aka buge Pacquiao ya kwanta shame-shame a hannun Juan Manuel Marquez a 2012 sannan aka yi. Nasararsa ta 50 kuma a kan Conor McGregor ce, mutumin da bai taɓa yin boksin na ƙwararru ba.

Pacquiao kansa yana da mutane a gidan, kuma su ne nake jin nauyin yi wa musu. Ɗan Filifin ɗin nan ya fara cin kambun duniya a ajin kilo 51 a 1998, ya yi ta hawa har ajin kilo 70, aji takwas ke nan, ba wanda ya taɓa yi. Yana da shekara 40 ya doke Keith Thurman a 2019. An kayar da shi sau da yawa, amma don yana shiga da kowa ne.

Ni dai Oleksandr Usyk na Yukiren nake zaɓa, kuma na san a Kano wannan ba ya yi wa mutane daɗi, saboda shi ya raba Anthony Joshua da kambunansa. Joshua namu ne, asalin gidansu Shagamu, kuma daren da ya tashi daga ƙasa ya gama da Wladimir Klitschko a turmi na 11 a Wembley a 2017 ba zan manta da shi ba. Amma so daban, gaskiya daban.

Dalilina daga damben gargajiya na ɗauko shi. Duk wanda ke zuwa Ado Bayero Square a Sabon Gari ya san ba a ƙidaya wa ɗan dambe kisan da ya yi a ƙauyensu gaban makaɗinsa. Ana tambaya ne: ya je gidan wasu ya yi kisa? Ka bi tarihin Usyk da wannan ma'auni. Kambun duniya na farko a Folan ya ci, a hannun ɗan ƙasar, Krzysztof Glowacki, a 2016. Ya je Riga ya doke Mairis Briedis a gaban mutanensa a 2018. A shekarar ya shiga Mosko, ɗan Yukiren a Rasha, ya doke Murat Gassiev ya haɗa kambu huɗu na ajin da ke ƙasa da masu nauyi. Ya wuce Manchester ya kwantar da Tony Bellew a turmi na takwas. Sannan ya hau ajin masu nauyi, inda kusan kowa ya fi shi jiki, ya je Landan ya karɓe kambunan Joshua a 2021, ya sake doke shi a Jidda a 2022. A watan Mayun 2024 a Riyad ya tsaya da Tyson Fury, wanda ya fi shi tsawo nesa ba kusa ba, ya kuma fi shi nauyi da sama da kilo 15. A gidan nan na kalli wasan. Zuwa turmi na shida Fury ke gaba, yana dukan ciki yana wasa da hannu, har wasu sun fara neman takalmansu. A turmi na tara Usyk ya same shi da hagu, Fury ya riƙa tangaɗi daga wannan igiya zuwa waccan, igiyar ce ta hana shi kaiwa ƙasa, alƙali ya yi masa ƙirge. Da wannan nasara ya zama na farko tun bayan Lennox Lewis a 1999 da ya haɗa duk manyan kambunan ajin. Ya maimaita wa Fury a Disamba, ya kuma buge Daniel Dubois a turmi na biyar a Wembley a 2025.

Abin da ba a gani a guntun bidiyo shi ne ƙafarsa. Bahago ne, kullum ƙafarsa ta dama tana wajen ƙafar hagun abokin karawa, yana zagaya shi, yana taɓa shi da hannun gaba ba hutawa, har ƙaton ya gaji da juyawa. Daga turmi na bakwai zuwa sama ake ganin amfanin wannan aiki. Sai a allo babba, a zaune, za ka fahimce shi.

An yi mini raddi mai ma'ana. Wani malamin makaranta ya ce, “Alhaji, mutumin naka wasanninsa ba su kai 30 ba, Pacquiao ya haura 70. Kuma bugun da Dubois ya yi masa a wasansu na farko na 2023 aka ce ƙasa da ɗamara ne, kai ka tabbata?” An saka mana wurin a hankali. Ni na ga a kan ɗamarar ya sauka, shi ya ga a ciki, ba mu daidaita ba. Maganar yawan wasa kuwa na karɓa, ita ce hujjar da ta fi ƙarfi a kansa. Amsata ita ce a cikin 'yan wasannin nan ban ga wanda ya kauce wa ba. Wasu kuma yanzu Terence Crawford suke ɗagawa, tun da ya hau aji biyu ya doke Canelo a 2025, kuma ban ga laifinsu ba.

Inda tarin mai gidan ya gaza shi ne na 'yan damben Najeriya. Babu Hogan Bassey da ya ci kambun duniya a Faris a 1957, babu Dick Tiger da ya kare nasa da Gene Fullmer a Ibadan a 1963, ko Samuel Peter da ya ci kambun ajin masu nauyi a 2008 babu. Dattijon nan ya sha roƙo a nemo na Dick Tiger, har yanzu shiru. Ƙananan aji ma sun yi kaɗan, wasannin masu nauyi sun cinye rabin kwamfutar. In za ka je, ka yi isha'i a masallacin unguwar ka shiga da wuri, benci na uku daga gaba ta ɓangaren fanka ya fi ko'ina, kuma ka riƙo ruwanka, domin mai sayarwa a ƙofa yakan tashi kafin a kai rabin wasa.