Raspberry Pi Pico a lambun Kawu: yadda na tashi ƙwaƙwalwa ta biyu

Wata bakwai ke nan da na ɗaura Raspberry Pi Pico, wani ɗan allon kwamfuta mai sarrafa na'urori, a kan famfon sola na lambun kawuna da ke hanyar Mirya. Wanda ya san Damagaram ya san darajar ruwa a nan, don haka aikin da na ba wannan ɗan allo ba na wasa ba ne: ya auna ruwan tanki, ya kunna famfo idan ya yi ƙasa, ya kashe idan ya cika, ya kuma riƙa ajiye lissafin awannin da famfon ya yi aiki.

Allon ya fito a watan Janairun 2021 a kan dalar Amurka 4, amma kafin ya biyo ta Kano ya iso hannuna kuɗinsa ya kusa ninkawa. Guntun da ke kansa, RP2040, yana da ƙwaƙwalwar sarrafawa biyu samfurin Cortex-M0+, kowace an ƙayyade mata gudu har megahaz 133 a lokacin fitowarsa. Wannan ne ya sa na zaɓe shi. Na so ɗaya ta tsaya kan ruwa kawai, ɗayar ta kula da allon nuni da lissafi.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ake tashin ta biyun. Idan wuta ta shiga allon, ƙwaƙwalwa ta farko ce kaɗai ke kama aiki. Ta biyu tana kwance cikin ƙaramin shirin da aka dasa a guntun tun daga masana'anta, tana jiran saƙo. Tsakaninsu akwai wani siririn lungu na aika saƙo, mai ɗaukar kalma 8 ta kowane ɓangare. Ta farko za ta aika abu shida a jere: sifiri, sifiri, ɗaya, sai adireshin teburin katsewa (jerin wuraren da za ta nufa idan wani abu ya katse mata aiki), sai wurin da ta biyun za ta jibge kayan aikinta a ma'adana, sai adireshin inda za ta fara. Duk abin da aka aika mata, sai ta maido shi yadda yake. Idan amsa ta saɓa ko sau ɗaya, a koma farko. Tamkar gaisuwar dattawan Birni ce, ba a shiga maganar da ta kawo ka sai an amsa kowace gaisuwa. Na zauna dare guda na rubuta wannan musayar da hannuna maimakon in kira multicore_launch_core1, umarnin da ke cikin kayan aikin allon mai yin wannan aiki, don kawai in gani da idona. Ranar da ƙaramar fitilar da na jona wa ƙwaƙwalwa ta biyu ta fara ƙiftawa ita kaɗai, na daɗe ina kallonta.

Daga baya na koma FreeRTOS, ƙaramin tsarin gudanar da ayyuka na irin waɗannan alluna, wanda tun fitowar 11.0.0 a Disambar 2023 yake ɗauke da tsarin ƙwaƙwalwa fiye da ɗaya cikin karnal ɗinsa, wato zuciyar tsarin. A nan ba kai za ka tashi ta biyun ba. Da zarar ka kunna sashensa mai raba wa ƙwaƙwalen aiki, karnal ɗin ne ke tashinta. Sai dai ka sani cewa ya karɓi lungun saƙon nan don amfanin kansa, kada ka ƙara taɓa shi. Su kuma waɗannan ƙwaƙwalen ba su da umarnin kulle ma'adana irin na manyan yayyensu, shi ya sa aka sa makullai 32 a jikin guntun, kuma da su ake hana su biyun cusa hannu cikin ƙwarya ɗaya lokaci guda.

Sau ɗaya na sha wuya, kuma daga shirin da na rubuta matsalar ta fito. Cikin watan Afrilu, rana tsaka, Kawu ya kira ni: "Ɗana, ruwa na ta zuba daga tanki, na'urarka ba ta kashe famfon ba." Na hau babur na je. Na tarar ƙasa ta jiƙe har gindin mangwaro, allon nuni ya daskare a kan lamba ɗaya. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ruwan da ya tafi a banza zai shayar da fangali da yawa. Da farko na zargi zafi, amma akwatin yana inuwa, kuma an yi allon ya jure har digiri 85. Sai da na koma gida na gano dalili. Ƙwaƙwalen biyu daga ma'adanar filashi ɗaya suke karanta umarni, wato ma'adanar da ba ta gogewa ko an ɗauke wuta. Lokacin da ta farko ke goge wani yanki na filashin don ta rubuta lissafin rana, ba a iya karanta komai daga cikinsa, ita kuwa ta biyun tana tsaka da ɗibar umarni sai ta tarar an rufe ƙofa. Maganin yana nan cikin kayan aikin allon: flash_safe_execute, wanda ke tsayar da ɗaya ƙwaƙwalwar a gefe har a gama rubutu. Na ƙara da agogon tsaro mai sake kunna allon idan ya yi shiru. Tun ranar bai ƙara daskarewa ba.

Takardar bayanin guntun ta haura shafi 600, kuma da Turancin Ingilishi take. Mu da muka yi lakwal da Faransanci sai mun haɗa da ƙamus, amma sashen da ya yi bayanin tashin ƙwaƙwalwa ta biyu gajere ne, a fili yake, ba a ɓoye komai ba. Ga ɗalibin Jami'ar André Salifou da ke son sanin yadda karnal ke farkar da ƙwaƙwalensa, ban san allo mai arha da ya kai wannan nuna abin ƙarara ba.

Maƙwabcin Kawu ya ga tankin ya daina ambaliya, ya ce shi ma a yi masa kafin rani mai zuwa. Nasa zan gwada Pico 2, wanda ya fito a Agustan 2024 da ƙwaƙwalen Cortex-M33, na riga na ba da saƙo a taho mini da guda biyu daga Kano.