Ciwon mara mai tsanani: me ya fi dacewa a saya a ajiye a gida?

Yarinyar da ciwon mara ke kwantarwa duk wata, ta yi amai, ta kasa zuwa makaranta da Islamiyya, ba raki take yi ba. Yana iya zama endometriosis, wato wani nama mai kama da shimfiɗar cikin mahaifa ya tsiro a wajenta, yana kumbura duk lokacin al'ada. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mace 1 cikin 10 masu shekarun haihuwa na fama da shi. A daina ce mata "in kin yi aure zai wuce". A kai ta ga likitan mata a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, ko da hoton ciki bai nuna komai ba, don sau da yawa ba ya nunawa. Kafin nan, gida na buƙatar abin rage raɗaɗi.

A ganina babu kamar robar ruwan zafi mai lita 2. Ɗumi na sassauta murɗawar mahaifa, ba ya taɓa ciki ko ƙoda, kuma buta da garwashi sun ishe ta aiki. Ki zaɓi mai kauri, mai murfin da ke murɗuwa, da rubutun BS 1970 (alamar inganci ta Birtaniya) a jiki. Kafin ki biya, lanƙwasa ta ki duba: in kin ga ƙananan tsage, zafin Sakkwato ya riga ya gasa ta a shago. In ruwa ya tafasa a bar shi ya ɗan huce, a cika kashi 2 cikin 3 kawai, a matse iskar ta fita, a rufe, a kife ta a ga ko tana yoyo. A naɗe da zane, minti 20 a kan mara. Kada a kwana a kanta, ƙunar ɗumi a hankali take shiga, sai da safe a ga bororo. Bayan shekara 2 a sake sabuwa.

Mai caji da lantarki? Wuta ba tabbas, kuma masu arhar sukan fashe.

Ƙwaya kuwa, ibuprofen 400mg bayan kowace awa 8, bayan cin abinci, a fara tun ciwon na sallama, kada a wuce 1,200mg a rana sai da izinin likita. Mai gyambon ciki, ciwon ƙoda ko juna biyu ta guje shi. Kada a haɗa shi da diclofenac, danginsu ɗaya, ciki suke ci. Paracetamol shi kaɗai yakan gaza.

Inda hankali ya fi tashi shi ne jabu. Kada ki karɓi ƙwaya a ƙulle cikin leda, ba kwali, ba ranar lalacewa. Duba lambar NAFDAC (hukumar kula da ingancin abinci da magunguna), ki ga lambar da ke kwali ta yi daidai da ta jikin falle. Maganin da ya wuni a faranti kan mai talla cikin ranar Afrilu yana iya lalacewa ko da na gaske ne. Mai kemis da ya miƙo tramadol ko ya ce sai allura duk wata, a bar shagonsa. Masu lasifika a bakin kasuwa da ke cewa jarkarsu na "wanke mahaifa" ta kashe sanyi, babu tsimin da ke narkar da wannan nama, kuma wasu na zuba dakakkiyar ƙwayar asibiti a ciki, shi ya sa ake jin sauƙi kwana biyu ciwon ya dawo.