Sharhi kan Shell Rotella T6 5W-40: wace a-kori-kura ce ya dace da ita

Shell Rotella T6 mai lamba 5W-40 baƙin mai ne da aka haɗa domin injunan dizal masu aikin ƙarfi, kuma a ganina yana cikin mafiya inganci da mai a-kori-kura zai iya zuba wa motarsa, muddin motar tana cikin waɗanda aka yi shi dominsu. Wannan sharaɗin ne ya fi damuna, domin da yawa daga cikin masu sayensa sunan kamfani suke bi, ba sa tsayawa su bincika ko kaurinsa da irin haɗinsa sun dace da injin da ke gabansu. Man yana da kyau ƙwarai, amma kyansa ba ya sa ya zama na kowace mota.

Lambar da ke jikin galan ta fito ne daga ma'aunin ƙungiyar injiniyoyin mota ta SAE, wanda ake kira J300, kuma gwaji biyu take bayyanawa. Kashin farko, wato 5W, yana nuna halin man a lokacin sanyi: ana gwada yadda inji zai iya juyawa da shi a digiri 30 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salshiyos, alhali mai lamba 15W a digiri 20 ƙasa da sifiri ake gwada shi. Kashi na biyu, wato 40, yana nuna kaurin man bayan inji ya ɗauki zafi, inda ake auna shi a digiri 100, kuma dole ya faɗa tsakanin 12.5 da 16.3 a ma'aunin santistok. Abin da wannan ke nufi shi ne, idan inji ya yi zafi, 5W-40 da 15W-40 a aji ɗaya suke. Masu cewa 5W-40 ya cika tsinkewa, ba zai iya riƙe babban inji ba, sun ɗora hukuncinsu a kan lambar da ba ta shafi zafi ba.

Inda T6 ya fi burge ni shi ne lokacin tayar da mota bayan ta kwana. A waɗannan daƙiƙoƙi na farko mai ya riga ya tsiyaye ya koma ƙasa, kuma sai famfo ya turo shi kafin ya isa saman inji da cikin turbo, wato abin da ke cusa ƙarin iska cikin inji, wanda sandarsa ke iya juyawa fiye da sau 100,000 a minti guda idan ana cikin aiki. Duk jinkirin da aka samu a nan, ƙarfe ne ke gugar ƙarfe da ɗan abin da ya rage na mai a tsakaninsu. A motar da nake aiki da ita na lura cewa fitilar mai tana mutuwa da wuri da wannan man fiye da yadda take yi da 15W-40, kuma ƙarar da inji kan yi da sanyin safiya tana lafawa nan da nan. Batir ma yana samun sauƙi, tun da ba ya kokawa da mai mai danƙo. Ga wanda ke zaune inda sanyi ke sauka ƙasa da sifiri sosai, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne, shi ya sa kamfanin General Motors ya ce a koma 5W-40 a injin Duramax mai lita 6.6 idan sanyi ya kai digiri 18 ƙasa da sifiri, duk da cewa 15W-40 ya tsara masa a sauran lokuta.

Ta ɓangaren zafi da kaya kuwa, man bai ba ni kunya ba. Idan a-kori-kura tana jan tirela a kan hawa mai tsawo, zafin mai yana tashi, kuma a cikin matsattsun wuraren da karanshaf ke juyawa mai yana fuskantar zafi da murza a lokaci guda. Akwai gwaji na musamman da ake yi a digiri 150 domin auna wannan hali, kuma matakin ingancin mai na CK-4 na cibiyar man fetur ta Amurka, wato API, wanda T6 yake ɗauke da shi, ba ya karɓar man da kaurinsa ya gaza 3.5 a wannan gwaji. An fito da CK-4 a watan Disamba na 2016, kuma yana maye gurbin matakan da suka gabace shi, irin su CJ-4 da CI-4 da CH-4, don haka tsohuwar motar da littafinta ya ambaci ɗaya daga cikinsu za ta iya shansa. An tsaurara sharuɗɗansa a kan jure zafi ba tare da lalacewa ba, da rage kumfa, da riƙe kauri duk da murzar da mai ke sha. Na ga alamar hakan a gejin matsin mai, wanda ba ya faɗuwa yadda zai tayar da hankali ko bayan doguwar tafiya da kaya.

Man yana yin baƙi da wuri bayan juye, kuma wannan bai kamata ya tsorata kowa ba. Injin dizal yana fitar da kunkunniya, kuma aikin sinadaran da ke cikin mai ne su ɗauke ta su warwatsa ta, kada ta dunƙule ta toshe hanyoyi ko ta riƙa cin ƙarfe. Launi ba ya nuna ƙarewar mai.

To amma ina ganin adalci ne a faɗi cewa ba kowa ne ke bukatar T6 ba. Kamfanin Shell yana da T4 mai lamba 15W-40, wanda shi ma CK-4 ne kuma ya fi sauƙin kuɗi, kuma ga babbar a-kori-kura da ke aiki a yanayi mai ɗumi duk shekara, wadda ake yi wa juye a kan kari, bambancin da za a gani tsakaninsu ba shi da yawa. Abin da ƙarin kuɗin T6 ke saya shi ne saurin gudana da sanyi da ƙarin juriya ga zafi mai tsanani. Wanda ba ya haɗuwa da ɗayan biyun zai iya zama a kan 15W-40 hankalinsa kwance, idan littafin motarsa ya yarda da shi. Na ce idan ya yarda, domin motocin Ram masu injin Cummins mai lita 6.7 sun daɗe a kan 15W-40, amma daga ƙirar 2019 aka koma 10W-30, tare da 5W-40 domin tsananin sanyi. Ford ma 10W-30 ya tsara wa injin Power Stroke mai lita 6.7 a aikin yau da kullum, ya bar masu lamba 40 domin aiki mai nauyi, kuma yana neman man da ya cika ƙa'idarsa ta WSS-M2C171-F1, wadda ya kamata mai saye ya nema a bayan galan da idonsa.

Babban inda wannan man bai dace ba shi ne ƙananan a-kori-kura na zamani masu matatar hayaki a cikin salansa, wadda ake kira DPF. Matatar tana kama kunkunniya ta ƙone ta lokaci zuwa lokaci, amma tokar da ke fitowa daga sinadaran baƙin mai ba ta ƙonewa, tana taruwa ne a hankali har matatar ta cika. Matakin CK-4 ya yarda da toka har kashi 1 cikin 100, wanda ya dace da manyan injunan da aka ƙera matatarsu a kan wannan lissafi. Ƙa'idojin Turai na ACEA masu lamba C2 da C3 kuwa sun tsayar da ita a kashi 0.8. Toyota Hilux mai injin lita 2.8 da ke da wannan matata mai na rukunin C2 yake bukata, mai kaurin 0W-30 ko 5W-30, kuma zuba masa T6 saboda an ji ana yabonsa kuskure ne mai tsada, ko da inji bai nuna wata alama a watannin farko ba. Ƙaramin Duramax mai lita 3.0 ya ma fi nisa da shi, domin 0W-20 mai shaidar dexosD ta kamfanin General Motors aka tsara masa. Waɗannan injuna an ƙera famfonsu da ratar da ke tsakanin ƙarafansu ne domin mai marar kauri, kuma mai kauri yana ƙara musu shan dizal ba tare da ya ƙara musu wata kariya da suke bukata ba.

Akwai kuma wani buri da wasu ke ɗora wa man wanda ba zai iya cikawa ba, wato tsawaita lokacin juye. A injuna da dama, lokacin da matatar hayaki ke ƙone kunkunniyarta ana fesa ƙarin dizal a cikin silinda, kuma wani abu daga ciki yana silalewa ta gefen fistin ya gauraya da baƙin mai ya tsinka shi. Motar da ke yawan gajerun tafiye-tafiye ko daɗewa a tsaye inji na aiki ita ta fi fama da wannan, kuma alamarsa ita ce mai ya riƙa hawa a jikin sandar awo maimakon ya ragu. Ingancin T6 ba ya hana faruwar haka. Haka nan dizal mai yawan sinadarin salfa yana gajiyar da mai da wuri, kuma API da kanta ta yi gargaɗin cewa dizal da salfarsa ta wuce kashi 15 cikin miliyan na iya shafar matatar hayaki da tsawon lokacin juye.

Ga tsohon injin da ya riga ya fara shan mai ko yoyo, T6 ba zai gyara ringi ko robar da ta bushe ba, kuma gara a kai motar wurin bakanike da a riƙa ƙara mata mai mai tsada. Amma ga babbar a-kori-kura mai lafiyayyen inji, wadda littafinta ya ambaci CK-4 ko wani matakin da ya gabace shi, ya kuma lissafa 5W-40 cikin kaurin da aka yarda da su, musamman idan tana jan kaya kuma tana kwana a waje da sanyi, ina ba da shawarar wannan man ba tare da wata tantama ba. A haɗa shi da sabuwar filta mai inganci a kowane juye, kuma a duba tambarin API mai zagaye a bayan galan a tabbata CK-4 aka rubuta, domin akwai matakin FA-4 da ya fito tare da shi a 2016, wanda ya fi tsinkewa da zafi kuma ba a yi shi domin tsofaffin injuna ba.