Gargaɗi ga masu Hilux da a-kori-kura: ba kowane ƙugi ne aksil ba

Assalamu alaikum 'yan uwa direbobi da masu motocin ɗaukar kaya a Kano. Akwai wata damfara da ke cin kasuwarta a wasu garejojin bakin titi, kuma mu masu Hilux da ƙananan a-kori-kura aka fi yi wa. Ba zan kama sunan wuri ba, don ba gareji ɗaya ba ne, kuma makanikai masu tsoron Allah sun fi yawa.

Motarka ce za ta fara wani ƙugi da ba ka jinsa a cunkoson cikin gari, sai ka hau titin Zariya ko na Haɗeja ka taka ta kai 60 ko 80. Kana ƙara gudu yana ƙaruwa. Kana shiga gareji wani zai tare ka, sau da yawa ma ba makaniken wurin ba ne, ɗan kamasho ne. Ko kujerar direba bai zauna ba, zai durƙusa ya leƙa ƙasan mota ya girgiza kai: "Alhaji, aksil ɗin baya ya tafi. Wallahi in ka sake hawa titi da ita, ƙafa za ta fita." Aksil dai shi ne abin da ke kai ƙarfin inji ga ƙafafun baya ya juya su. Nan take a ce akwai na Beljiyam a hannun wani, ka kawo kafin alƙalami kada a riga ka.

Kana juya baya sai su sauke aksil ɗinka, su wanke shi da fetur, su fesa masa baƙin fenti, su mayar. Boris ɗin ƙafa, wato zoben ƙarfen da ƙafar mota ke juyawa a kansa, wanda shi ne ke kukan tun farko, shi za su canza a ɓoye, shi ma da jabu a cikin kwalin Koyo ko NSK. Ƙugi ya ɗauke, ka biya kuɗin aksil guda kana ta godiya. Waɗanda suka fi rashin imani kuwa ɗauke naka lafiyayye suke yi, su ɗaura maka gajiyayye da aka ɗura wa mai mai kauri don ya yi shiru. Kafin ya fara kuka, ɗan kamashon ya canza layin waya.

Abin haushin, yawancin wannan binciken kai da kanka za ka iya yinsa. Samu miƙaƙƙen titi da sassafe, ka kai gudun da ƙugin ke fitowa, ka sa mota a firi. Idan injin ya sauka amma ƙugin na nan yana bin gudun mota, to injin ba shi da laifi. Mayar da giya, ka riƙa taka totur kana ɗagawa. Kukan aksil yana canza murya tsakanin takawa da ɗagawa, boris ɗin ƙafa kuwa bai damu da totur ba, nauyi yake ji. Don haka ka ɗan karkata sitiyari hagu da dama a hankali, inda babu mota kusa. In ka karkata hagu nauyi ya koma dama. Idan a lokacin ƙugin ya ƙaru, galibi boris ɗin dama ne. Haka ɗaya gefen.

Kada kuma a manta da taya, wadda ita ce ta fi yaudarar mutane. Tayoyin nan masu manyan haƙora da ake sa wa Hilux don shiga ƙauye, ƙugi halinsu ne a kan kwalta. Shafa tafin hannunka a kan tayar: idan ka ji tudu da kwari ko ta cinye gefe ɗaya, ka duba shokozoba da alaimen. Ƙugin taya yana canzawa idan ka tashi daga sabuwar kwalta zuwa tsohuwa. Kai wa mai faci ya mayar da na gaba baya, ka ji ko kukan ya bi su.

Idan duk da haka an nace aksil ne, to ka tsaya a kan motarka. A ɗaga ta da jak, a kama taya sama da ƙasa a girgiza, a juya ta da hannu ka saurara. A kwance noti a tsiyaye man aksil a gabanka. Idan haƙoransa sun ci, za ka ga ɓarɓashin ƙarfe a man da kuma jikin notin. Man na da tsafta, ba ɓarɓashi, ba yoyo? Ka ce a mayar maka da notinka da manka. A kuma leƙa boris ɗin tsakiyar farfela, wato dogon ƙarfen da ya haɗa giya da aksil, shi ma yana ƙugi, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar na aksil ba.

In boris ne, ka je Ƙofar Ruwa da ƙafarka wurin wanda ka sani ka saya, ka karɓi rasit. Na baya a Hilux da injin matsi ake zaunar da shi a jikin shaf. Wanda ya ɗauko guduma zai kashe maka sabo tun bai fara aiki ba. Ka yi wa aksil ɗinka wata alama da fenti ko ƙusa, ka ɗauki hotonsa a waya kafin ka bar makulli, kuma duk abin da aka ce an cire, a saka maka shi a bayan mota ka tafi da shi gida.

Ku tura wa direbobinku, musamman masu tuƙa motar kamfani ko ta maigida, don su ake fara zargi da haɗa baki idan irin wannan lissafin ya iso ofis.