Daga ajin share fage zuwa makarantar noma: ina za ka kai yaron ƙauye?

Duk shekara idan Satumba ta gabato, lokacin da gero ya fara nuna amma kuɗi bai shigo hannu ba, sai mutanen garinmu su riƙa tare ni da tambaya iri ɗaya, don sun san na daɗe ina koyarwa a firamare kafin na koma gona. "Malam, ina zan kai yaron nan?" Wani ɗan shekara huɗu yake nufi, wani kuma saurayi ne da ya gama sakandare yana zaman kashe wando. Ni kuwa kafin mu yi maganar makaranta, sai na tambayi uban: kana da gonar da yaron zai dawo ya kama, ko takardar neman aiki kake so ya samo? Hanyoyin nan biyu suna rabuwa da wuri, kuma kuɗinsu ba ɗaya ba ne.

A matakin ƙanana ba na son a wahalar da kai. Akwai makarantar allo, akwai ajin share fage na shekara guda da ake buɗewa a wasu firamaren gwamnati, akwai kuma nazare ta kuɗi, wadda yanzu ta shigo har ƙauyuka. Yawancin na kuɗin da na leƙa ɗaki biyu ne a gidan haya, da 'yan mata da suka gama sakandare suna koyar da waƙoƙin Turanci. Yaro zai dawo gida yana rerawa, uwa ta ji daɗi, amma ban ga abin da ya kai a sayar da akuya dominsa ba. Ɗan ƙasa da shekara biyar allo ya ishe shi: zai koyi zama wuri ɗaya, da hadda, da riƙe alƙalami. Idan firamaren garinku tana da ajin share fage kuma akwai malama tsayayya a cikinsa, a haɗa masa biyun.

Firamare ce ake yin asara a cikinta ba a sani ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce shekara tara kyauta ne kuma dole ne, shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare. Kyautar dai ba ta hana ka ɗinka inifom, ka sayi littattafan rubutu, ka biya kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai. Saboda haka ko ta gwamnati ko ta kuɗi, akwai abin da zai fita daga aljihunka, kuma bai kamata ka yi cinikin biri a sama ba. Ka je da ƙafarka, ba tare da ka sanar ba, kuma ka zaɓi ranar kasuwar garin. Ka ƙirga malaman da ke cikin aji, ba waɗanda ke cikin rajista ba. Sannan ka roƙi hedimasta ya ba ka ɗan aji huɗu guda, wanda kai ka nuna, ka miƙa masa wata takarda da Hausa ya karanta.

Na koyi wannan ne a gidanmu. Ɗan ƙanena ya yi shekara huɗu a wata makarantar kuɗi, kullum sakamakonsa na biyu ko na uku. Jihohi talatin da shida da manyan biranensu yana zubo su kamar ruwa. Wata rana muna shirin feshi na miƙa masa robar maganin ciyawa, na ce ya karanta min abin da aka rubuta a jiki. Ya juya ta, ya sake juyawa, ya ɗago ya ce, "Baba, ba a koya mana wannan ba." Na rubuta masa "tunkiya ta shiga gona" a ƙasa da tsinke, nan ma shiru. Ashe haddace allo yake yi. Muka mayar da shi ta gwamnati, inda wani dattijon malami yake fara wa yara da baƙi da wasali na Hausa, kuma kafin shekara ta zagayo yana karanta wa kakarsa wasiƙa. Ba ina cewa ta gwamnati ta fi ba ne. Na ga ta gwamnatin da yara fiye da ɗari suke zaune a ƙasa a gaban malami ɗaya. Malamin ake saye, ba fentin bango ba.

Sauran abin dubawa kaɗan ne: nisa, da ko akwai rafin da yake yanke hanya da damina, da rijiya, da bandaki, musamman idan 'ya mace ce. Makiyaya kuma su tambayi ko akwai makarantar 'ya'yan makiyaya kusa da rugarsu, irin waɗanda hukumar da aka kafa a 1989 mai hedkwata a Kaduna take kula da su.

A sakandare zaɓin ya koma tsakanin jeka-ka-dawo da ta kwana. Da can ba a ma muhawara, duk mai hali kwana yake kai ɗansa. Sace ɗaliban makarantun kwana da aka yi a Ƙanƙara a Disambar 2020 da Jangebe a Fabrairun 2021 ya sauya lissafin iyaye da yawa, ko da yake na Kuriga a Maris 2024 da safe aka yi shi, yara suna taruwa, wanda ya nuna jeka-ka-dawo ma ba ta tsira ba idan yankin ba lafiya. Don haka wurin da makarantar take ya fi nau'inta muhimmanci: cikin gari take ko bakin daji, akwai katanga, akwai jami'an tsaro kusa.

Jeka-ka-dawo tana da wata riba da ba a cika faɗa ba, wato yaro ba ya rabuwa da gona. Da yamma yana gayaunarsa, yana kiwon tumakinsa. Matsalarta ɗaya ce, kuma babba: malamin kemistiri. Kwalejojin noma da jami'o'i suna neman kiredit biyar a WAEC ko NECO, har da Turanci, lissafi, kemistiri, da bayoloji ko darasin aikin gona. Sakandaren ƙauye da yawa ba su da mai koyar da kemistiri, balle ɗakin gwaje-gwaje, sai a tura kowa ajin adabi. Yaro ya tashi a gona, ya san ƙasa kamar tafin hannunsa, amma ƙofar kwalejin noma ta rufe masa tun yana aji huɗu na sakandare, shi da ubansa ba wanda ya sani. Idan takarda kake nema masa, wannan ita ce tambayar farko da za ka yi wa firinsifal. In babu, ka nema masa jarrabawar shiga makarantun kimiyya na jiharku, irin su Dawakin Kudu da Dawakin Tofa da Kano ta kafa tun 1977.

Ka kuma tambayi ina gonar makaranta take. Na taɓa shiga aji na tarar ana zana fartanya a allo, ana koya wa yara sunayen sassanta da Turanci, yaran da kanta ta cika musu tafin hannu. Makarantar da ke da fili ta bar shi ya zama filin ƙwallo kaɗai, darasin nomanta na cin jarrabawa ne.

Yanzu ga inda kuɗi da shekaru suke tafiya, wato horon noma kansa.

Ga wanda yake da gona a gida, ni makarantun Gidauniyar Leventis nake fara ambata. Akwai ta Panda a ƙaramar hukumar Albasu ta Kano, da ta Dogon Dawa a Kaduna, da ta Tumu a Gombe, da ta Yaba a yankin Abuja. Shekara guda ake yi, a kwana a can, ba a biyan kuɗin makaranta, kuma ana ɗaukar maza da mata. Mafi yawan koyon a fili ne: noman hatsi da kayan lambu, kiwon kaji da dabbobi, kiwon zuma, renon itatuwa da yi musu aure, da abin da ya fi ƙaranci a wurin manomanmu, wato rubuta abin da aka kashe da abin da aka samu. Sai dai a san abin da ake saye. Takardar da za su ba shi ba difloma ba ce, ba ta kai mutum bautar ƙasa, kuma ba don neman aikin ofis aka yi ta ba. Gurbi kaɗan ne, ana tantancewa, kuma da yake da gwamnatocin jihohi ake haɗa hannu, 'yan jiha ne a gaba. Mai son Dogon Dawa kuma ya fara bincikar lafiyar hanyar Birnin Gwari.

Kwalejin noma ita ce ta tsakiya. Akwai ta Audu Bako a Dambatta, da ta Samaru da ta Mando a Kaduna, biyun ƙarshen nan suna ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Wasu kuma kowacce da fanninta: ta Dadin Kowa a Gombe lambu da itatuwan marmari, ta Vom a Filato lafiyar dabbobi, ta Hotoro a Kano adana amfanin gona da tantance ingancinsa. Ta JAMB ake shiga. Difloma shekara biyu, a yi shekara guda ana aiki, sai babbar difloma wata shekara biyu, sannan bautar ƙasa. Kuɗin rajista ba shi ne nauyin ba. Haya, da abinci, da kuɗin mota, da na takardun darasi su ne suke cinye rumbu. Kafin ka biya ko sisi, ka tabbatar hukumar NBTE, mai kula da ilimin fasaha, ta amince da kwas ɗin da zai yi, ba makarantar kawai ba. Aikin malamin gona na gwamnati ya yi wuya yanzu, amma kamfanonin iri, da masana'antun shinkafa, da manyan gidajen kaji suna ɗaukar masu difloma, musamman wanda hannunsa ya iya allura da haɗa abincin kaji.

Jami'a ba zan daɗe a kanta ba. Digirin noma shekara biyar ne a Zariya, ko Bayero, ko Usmanu Ɗanfodiyo, idan ba a yi yajin aiki ba. Na 2022 kaɗai wata takwas ya ci. Ta dace da yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa da ke son bincike ko koyarwa, wanda gidansu za su iya jure rashin hannunsa a gona tsawon wannan lokaci.

Akwai ta huɗu da ba ta da allon suna: ka damƙa yaro ga gogaggen manomin rani a Kadawa ko Kura ya yi kaka biyu a hannunsa. Zai iya shinkafa da tumatir, ya san dillalai da farashi, har ya dawo da ɗan jari. Abin da ba zai samu ba shi ne dalilin abubuwa. Zai auna magani da murfin roba don haka ya ga ana yi.

Kuskuren da ya fi ba ni takaici na wani maƙwabcina ne. Ya jinginar da fadamarsa don ɗansa ya yi difloma a noma, bashin ya yi nauyi, fadamar ta tafi. Yaron ya dawo ya san tazarar shuka, ya san cutar ganye tun daga nesa, amma ba shi da inda zai kafa fartanya. Yanzu yana tsaron shagon maganin feshi na wani a birni. Da Panda ya je, ko kuma da an jira kaka biyu an tara kuɗin daga amfanin fadamar, da ita ce yake nomawa yau.

Duk wadda ka zaɓa cikin makarantun noman nan, ka ziyarce ta a watan Agusta, lokacin da ciyawa take tona asirin kowa. Ka wuce ofis, ka ce a nuna maka gonar ɗalibai da ɗakin kaji. Ka duba ko tarakta tana tashi ko kaji ne suke ƙwai a ƙarƙashinta. Sannan ka ja ɗalibi ɗaya gefe, ka tambaye shi sau nawa ya shiga gona a makon nan.