Amarya mai shirin zuwa ƙasar Cek: manhaja, littafi ko malama?

Idan aure zai kai ki Prag ko Brno, kar ki yi saurin zuba kuɗi a koyon yaren Cek, abu uku ne a kasuwa kuma ba ɗaya suke ba.

Manhajar Duolingo kyauta ce kuma akwai Cek a ciki, amma ta Turanci ake koyarwa. Zai ba ki kalmomi irin su svatba biki, nevěsta amarya, ženich ango, tchyně uwar miji, to daga nan fa sai a hankali, don suna a yarensu kala bakwai yake juyawa gwargwadon aikinsa a jimla kuma manhajar ba ta tsayawa ta yi miki bayani sosai, kawai ki ga kalma ta canza kama kina ta danne-danne.

Littafin Lída Holá, Czech Step by Step, shi ke da teburan nahawun. Kuɗi sau ɗaya za ki biya, ki dai duba akwai sautin saurare a tare, saboda harafin ř ba a koyonsa da ido wallahi.

Ni dai a wurin malama zan zuba kuɗina, irin waɗanda ake biya awa-awa a shafukan intanet na italki ko Preply, ya fi tsada amma ita za ta kama ki in kin yi magana kamar namiji. In za a ce "na kasance", mace byla jsem take cewa, namiji byl jsem. In kun yi aure ke vdaná ce shi kuma ženatý, har kalmar yin auren ma daban, mace vdát se namiji oženit se. Mijinki in Petr ne, in za ki kira shi Petře za ki ce. Sai batun surukai, wannan kam mun san shi tun a gida, yadda muke ce wa manya ku haka za ki riƙa ce wa uwar miji vy har sai ita da bakinta ta ce ku koma ty, wato ke, kar ki kuskura ki riga ta.

Ki tambayi malamar batun suna ma, matar Novák Nováková ake ce mata, amma tun 2022 mace na iya ɗaukar sunan ba -ová ɗin.

Ki kuma ware kuɗin tafinta mai rajista da kotu, don in ba kya jin yaren sosai sai da shi ake ɗaura auren, ko da ano, wato eh, kawai za ki ce.