Yis ɗin Saf-Instant mai ruwan zinare: yadda na same shi a burodin gida

Idan uwargida ta kawo min ƙorafi cewa burodinta ya ƙi tashi, ba fulawa nake fara tambaya ba, ba kuma obin ba. Yis nake tambaya: a ina ta saye shi, a cikin me aka ba ta? Yawanci amsar ɗaya ce, ƙullin leda ne daga shagon unguwa. Mai shago ya fasa babban fakiti, ya ƙuƙƙulla, ya rataye a bakin ƙofa inda rana ke dukansa tun hantsi. Shi kuwa yis abu ne mai rai, ƙwayoyin halitta ne aka busar. Iska da zafi da laima suna cinye masa ƙarfi. Wanda ya daɗe a rataye zai iya ɗaga miki fanke, tunda kwaɓin fanke ruwa-ruwa ne, amma kwaɓin burodi mai bota da sukari ya fi ƙarfinsa.

Dalilin da ya sa na koma sayen Saf-Instant a rufe ke nan, fakitin rabin kilo, a wurin masu kayan kek da burodi a kasuwar Sabon Gari a nan Kano. Kamfanin Lesaffre na Faransa ne ke yinsa, kamfanin da ya faro tun 1853, kuma a 1973 ya fito da wannan busasshen yis ɗin da ba sai an jiƙa ba. An zuƙe iskar cikin fakitin tas, saboda haka idan kika ɗauka za ki ji shi da tauri kamar bulo. Da kin sa almakashi sai ki ji ya ja iska, ya saki, ya koma tsaba-tsaba 'yan ƙanana masu ƙamshin tsami kaɗan. Wannan taurin shi ne abin da za ki duba kafin ki miƙa kuɗi. In kika matsa kika ji ya yi laushi, iska ta riga ta shiga, ki ce a canza miki, ko da kwanan watan da ke jiki bai ƙare ba.

Kala biyu za ki tarar, mai ja da mai ruwan zinare, kuma ba ado ne ya bambanta su ba. Ranar da na fara tsayawa a kansu yaron shagon ya ce min, "Hajiya, in burodin shayi za ki yi mai zaƙi, mai zinaren za ki ɗauka, masu gidan burodi shi suke nema." Gaskiya ya faɗa. Sukari idan ya yi yawa a kwaɓi yana janye ruwa daga jikin yis, sai ya yi sanyin aiki. Mai ruwan zinaren an yi shi ne don ya jure wannan. Mu kuwa burodinmu na nan mai zaƙi ne, sukarin yakan kai kashi 10 cikin 100 na nauyin fulawa ko ya wuce. Mai jan ya fi dacewa da kwaɓin da babu sukari ko kaɗan ne, irin su gurasa da alkubus.

Ga awon da na zauna a kai. Fulawa giram 500, yis giram 6, wato ƙaramin cokalin shayi biyu ba a tula ba, sukari giram 60, gishiri giram 8, bota giram 40, ruwa mililita 290. Wani lokaci ina rage ruwan in cike da madara. Yis ɗin cikin busasshiyar fulawa nake zubawa in juya, sannan sukari da gishiri, sannan ruwa. Ruwan ya zama mai ɗumi-ɗumi wanda za ki iya barin yatsa a ciki ba ki ji komai ba. Wanda ya doshi digiri 60 kashe yis yake yi, babu kuma irin yis ɗin da zai tsira daga wannan. Bota a ƙarshe nake sawa, bayan kwaɓin ya haɗe jikinsa.

Murza ita ce aikin. Minti 12 zuwa 15 da hannu, ki tura da tushen tafi, ki naɗo, ki juya, ki sake turawa. Da farko zai riƙa manne miki a yatsu, ranki ya riƙa ba ki ki ƙara fulawa. Kada ki ƙara. Ki ci gaba, zai sake ki da kansa, ya yi sumul, in kin ja ɗan guntu ya miƙe har ki ga haske ta cikinsa bai yage ba. Masu dogara da yis su tsallake murza su ne burodinsu ke fitowa da tsayi amma yana marmashewa a hannu.

Inda wannan yis ɗin ya fi burge ni shi ne lokacin hunturu. A bazara kowane yis jarumi ne, zafin Afrilu kaɗai ya isa ya ɗaga kwaɓi cikin minti 40, har sai kin kwaɓa da ruwan randa don kada ya wuce gona da iri ya yi tsami. Amma a Disamba da Janairu, da sanyin asuba da busasshiyar iskar nan, a nan ake gane mai ƙarfi. Na shafa wa roba mai, na sa kwaɓin, na rufe da leda don kada samansa ya bushe ya yi ɓawo, na ajiye nesa kaɗan da murhu. Cikin awa ɗaya da rabi ya ninka. Na danna yatsa, ramin ya tsaya bai rufe ba. Tashi na biyu a cikin gwangwanin gashi bai kai na farko daɗewa ba. A obin digiri 180, minti 30 zuwa 35, samansa ya yi ja, na ƙwanƙwasa ƙasansa ya amsa. Wadda ba ta da obin, babbar tukunya da yashi a ƙasa da garwashi a kan murfi tana yi, ki dai bari ta yi zafi sosai kafin ki sa.

Sandunan burodi kuwa, wato siraran burodi masu ƙaras-ƙaras, su ne yarana suka fi so, kuma sun fi burodin sauƙi nesa ba kusa ba. Asalinsu daga birnin Turin ne na Italiya. Gare su ina rage sukarin zuwa cokali ɗaya, in sa man zaitun ko man gyaɗa cokali uku a madadin bota. Bayan tashi na farko sai in shimfiɗa kwaɓin, in yayyanka siri-siri, kowane in murza shi a tafi ya kai kaurin ƙaramin yatsa. In ɗan shafa ruwa, in birgima wasu a riɗi, wasu a habbatussauda, wasu in shafa musu bota da dakakkiyar tafarnuwa. Minti 15 na hutu ya ishe su, sai obin digiri 200 na kamar minti 15. Ki tsaya a kansu, sirara ne, tsakanin ja da ƙonewa ba nisa. In sun huce za ki ji ƙaras-ƙaras, kuma a cikin roba mai murfi suna kwana da yawa ba su canza ba. Da shayin safe ko farfesun kayan ciki da daddare, ba a magana. Da mai ruwan zinaren na yi su, sun kuma fito yadda nake so, don haka ba sai kin sayi kala biyu ba.

Wani abin da ke kwantar min da hankali: na san abin da na zuba. Hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna ta daɗe da haramta sinadarin bromate, wanda ake sawa don ƙara kumburi, a burodi saboda illarsa ga lafiya, kuma burodin gida ba ya buƙatarsa sam. Yis mai kyau da murza mai kyau sun wadatar.

Abin da za ki yi lissafinsa kafin ki saya shi ne girman fakitin. Rabin kilo awon masu sana'a ne. A giram 6 kowane kwaɓi, zai yi miki burodi sama da 80, gidan da ke gashi sau ɗaya a mako ba zai cinye shi a shekara ba. A rufe yana kai shekara biyu, amma da an fasa sai an kula. Ki juye a busasshiyar kwalba mai murfi, ki sa a firiza, ki riƙa ɗiba da busasshen cokali ki mayar nan take. Inda wuta ba ta zama, ku haɗu ku uku ko huɗu ku raba fakiti ɗaya, kowa da kwalbarta. Ni da ƙanwata da maƙwabciyata haka muke yi, tunda ga tsadar kaya.

In kuma kin ɗauko wanda ya daɗe a ajiye kina shakka, ki zuba ƙaramin cokali ɗaya a rabin kofin ruwan ɗumi da ɗan sukari. Cikin minti 10 ya kamata ki ga kumfa ta taso. In ba ta taso ba, kada ki ɓata fulawarki.